Ƙasar Jama'a Daga Darroro Zuwa Gidan Waya

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata tambaya ce da wani yaro ya kawo mana bayan sallar la'asar. Ya gama sakandare, ya je wani ofishi neman takardar shaidar ɗan ƙasa don ya cike fom ɗin makaranta, sai mai tebur ya dube shi ya ce, "Ku asalinku daga ina?" Yaro ya ce nan aka haife shi, nan aka haifi ubansa. Aka ce ba wannan ake tambaya ba. Ya same mu a ƙofar masallaci ransa a ɓace, ya ce, "Malam, wai mu daga ina muke?" Muka buɗe baki za mu amsa, sai muka ga maganar ta fi ƙarfin tsayuwar ƙofar masallaci. To ga ta nan a rubuce, gwargwadon abin da muka ji a bakin manya, da abin da muka gani da ido cikin shekara talatin da ɗoriya muna yawon kasuwanni.

Mu fara da ƙasar kanta. Gidan Waya tana cikin ƙaramar hukumar Jama'a, mai hedikwata a Kafanchan, can ƙarshen kudancin jihar Kaduna. Faɗin ƙaramar hukumar ya haura murabba'in kilomita 1,300. Zangon Kataf na arewa da mu, Kaura arewa maso gabas, Jaba yamma, Sanga kudu maso gabas. In ka miƙe kudu ta Godogodo da Jagindi da Barde, sai ka faɗa jihar Nasarawa ka nufi Keffi. In ka yi gabas ta Fores, ka hau Hawan Kibo, kana cikin Filato. Wato muna zaune ne a gindin tsaunin Jos, kuma wannan zaman shi ya ba mu kusan duk abin da muke da shi. Iskar damina tana tasowa daga teku can kudu ɗauke da ruwa, ta zo ta ci karo da duwatsun nan, sai ta sauke kayanta a kanmu. Shi ya sa ruwa kan fara mana tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kuma a shekara yakan kai milimita 1,500 ko fiye, alhali a Kano bai cika kai 1,000 ba. Ɗan'uwan da ya zo mana daga Katsina ko Daura a tsakiyar damina, ranar farko mamaki yake yi, rana ta uku sai ya fara tambayar yaushe za a ga rana.

Wannan ruwa shi ya haifi kurmi a bakin rafuka, har da kwakwar manja, abin da ba a san shi ba a ƙasar Hausa sai a kwalba. Rafukanmu kudu suke gangarawa, su haɗu a kogin Kogum da kogin Mada, su zuba a Binuwai. Wanda bai taɓa zuwa Matsirga kusa da Madakiya ya ga ruwa yana faɗowa daga kan dutse ba, ya daure ya kai yaransa ko sau ɗaya. Gabas da mu kuwa akwai dajin Nimbiya, inda hukuma ta shuka itatuwan katako tun ƙarshen zamanin Turawa, wanda daga gare shi mahaɗar Fores ta samo sunanta.

Waɗa muka tarar a ƙasar nan? Gara mu faɗa da bakinmu kafin wani ya faɗa mana. Akwai Kaninkon da Nindem da Kanufi, akwai Fantswam waɗanda su ne ainihin mutanen Kafanchan, akwai Kagoma masu kiran kansu Gwong, akwai Numana da Ninzam da Ayu ta wajen Sanga, Yeskwa ta wajen Barde, ga Bajju da Jaba da Kagoro a kewaye. Kuma ƙasar ta daɗe da mutane fiye da yadda kowannenmu zai iya lissafawa. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan gunkin yumɓu a ƙauyen Nok na ƙasar Jaba. Bayan kamar shekara 15 aka sake tono kan mutum na yumɓu a nan ƙasar Jama'a, wanda ya same shi ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi, har labari ya kai wa wani Bature a Jos mai suna Bernard Fagg. Da aka bincika aka ga ya kai shekara 2,000. Mu ba masu sha'awar gumaka ba ne, amma shaida shaida ce: shekara 2,000 da suka wuce akwai masu gina tukwane da narka ƙarfe a wannan ƙasa da muke takawa.

Namu labarin ya fara ne ta hanya biyu. Ta farko hanyar fatake. Tun kafin jihadi, ayarin Hausawa kan taso daga Kano da Zazzau da jakuna, ɗauke da kanwa da gishiri da tufafi da kayan ƙira, su ratsa ƙasashen nan su nufi Keffi da bakin Binuwai. Inda suka saba yada zango, a hankali wasu suka zauna, aka yi rumfa, rumfa ta zama gida, gida ya zama unguwa. Zangon Kataf sunansa ya faɗi tarihinsa.

Ta biyu hanyar sarauta. Wajen 1810 wani malami mutumin Kabi, Malam Usman, ya fito daga ƙasar Kajuru tare da Fulani makiyaya da zama ya gagare su a can. Suka sauka a gindin dutsen Darroro, kamar mil 10 kudu da inda Kafanchan take yau, wato nan yankinmu. Aka kira wurin Jama'ar Darroro. Malam Usman ya tafi Zariya, Sarkin Zazzau na lokacin, Malam Musa, ya tabbatar masa da sarauta, Jama'a ta zama ɗaya daga cikin masarautun da ke bin Zazzau, kamar Keffi da Nasarawa. To a nan ne maganar take da nauyi. Bin Zazzau yana nufin kai gaisuwa duk shekara, kuma cikin gaisuwar nan akwai bayi. Bayin nan ba daga sama suke faɗowa ba. Daga ƙauyukan da ke kewaye ake kamo su, ƙauyukan kakannin mutanen da yau muke saye da sayarwa da su. Wasu ƙabilun suka yi amana suna biyan haraji, wasu suka haye duwatsu inda doki ba ya iya hawa. Kagoro dai har Turawa suka zo ba a ci su da yaƙi ba. Mu a gidajenmu ba a cika ba yara wannan ɓangaren ba, su kuwa maƙwabtanmu da shi ake yaye su. Yaron da bai san wannan ba, in aka yi masa wani kallo a ofis ba zai gane daga ina kallon ya taso ba. Ba mu ce shi ya yi laifin ba, kuma mafi yawanmu ma jikokin talakawa ne da suka zo daga baya da ƙoƙon awo ko da diga. Amma rashin sani bai taɓa taimakon kowa ba.

Da Turawa suka ci ƙasar a farkon ƙarni na 20, sai suka bar wa Sarkin Jama'a mulkin ƙabilu da yawa, har da waɗanda da can bai iya taɓa su ba, yana karɓar haraji a madadinsu. Kagoro da Marwa da Jaba su aka bari da sarakunansu. An fara sa Jama'a a lardin Nasarawa, a 1926 aka mai da ita sabon lardin Filato, daga baya ta koma lardin Zariya, shi ya sa da aka yi jihohi a 1967 muka faɗa jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta zama jihar Kaduna a 1976. Jaba da Kaura da Sanga duk daga jikin tsohuwar Jama'a aka yanke su.

Abu biyu suka juya ƙasar nan a zamanin Turawa: kuza da jirgin ƙasa. A shekarun 1920 tsohuwar Jama'a ta yi suna wajen haƙar kuza, leburori suka yi ta kwararowa daga Kano, Katsina, Sakkwato, Barno, har da ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau. Bayan lebura sai mai tuwo, sai mahauci, sai tela, sai wanzami, sai malamin allo. Kakanmu na wajen uba haka ya zo, da niyyar yin rani ɗaya ya sami kuɗin haraji ya koma. Kabarinsa na nan.

Shi kuwa jirgi, dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi da Lafiya da Jagindi ya iso Kafanchan ya wuce Kaduna, a 1927 kuma aka buɗe reshen da ya hau Jos, wanda daga baya aka ja shi ta Bauci da Gwambe har Maiduguri a 1964. Kafanchan ta zama mahaɗa. Ba mu da teku, amma tashar nan ta haɗa mu da bakin teku cikin kwana biyu, kuma duk abin da ƙasar nan ta fitar ta nan yake bi. Inda jirgi yake nan kuɗi yake, inda kuɗi yake nan hukuma ke son zama. A 1926 aka ɗauke hedikwatar daga tsohuwar Jama'a zuwa Madakiya, a 1933 aka mai da ita Kafanchan, Sarki da fadawansa da jama'arsa suka tashi suka bi. Tsohon gari ya mutu a tsaye. Wannan ƙaura ita ce tushen jayayyar da har yau ba ta kwanta ba tsakanin masarautar Jama'a da Fantswam da Kaninkon kan wa ke da Kafanchan. Garin ya cika da Ibo da Yarbawa ma'aikatan reluwe, har rikicin 1966 ya kori da yawansu. Daga shekarun 1980 jirgin ya fara ja da baya. Yau ka je tashar ka ga ciyawa ta rufe dogo, awaki na kiwo a inda ake lodin kaya. A 2021 gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri. Muna dai sauraron kukan jirgi.

Sunan garinmu shi ma ya faɗi shekarunsa, don kafin Turawa babu waya balle gidanta. Abin da ya raya Gidan Waya bayan tashin Sarki shi ne titi, sannan makaranta. Motar da ta taso daga Abuja ta Keffi za ta Jos, ko Bauci, ko Maiduguri, da yawa ta ƙofarmu take bi, ga kuma hanyar Kafanchan ta zo ta haɗe. Ita kuwa Kwalejin Ilimi ta jiha, an kafa ta a Kafanchan a 1977, daga baya aka dawo da ita mazauninta na dindindin a nan. Duk mai shago ya san bambancin ciniki ranar da ɗalibai ke gari da ranar da aka yi hutu.

Mu nawa ne? Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Jama'a mutum sama da 278,000, cikin sama da miliyan 6 na jihar Kaduna. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma an ɗage ta. Kuma a ƙidayar 2006 ba a tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Saboda haka duk wanda ya tsaya a majalisa ya ce muku Hausawa kashi kaza ne a Jama'a, ko Kirista kashi kaza ne, ku tambaye shi inda ya ƙirga. Abin da ido ke gani dai shi ne, mu mun taru a cikin Kafanchan da garuruwan bakin titi da bakin dogo, irin su Jagindi da Godogodo da nan, ƙauyuka da gonaki kuwa mafi yawansu na maƙwabtanmu ne, kuma galibinsu Kirista ne. A 1995 aka ba Gwong masarautarsu, a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi kuma Fantswam da Kaninkon da Godogodo suka sami nasu. Wasunmu sun ji zafin wannan a lokacin. Mu a ganinmu ya rage wuta, don mutum ya fi sauƙin zama da kai in ba ya jin kana bisa wuyansa. Kuma kada a manta ƙaramar hukumar nan ta ba jihar Kaduna gwamna, marigayi Patrick Yakowa mutumin Fadan Kagoma, wanda ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Disambar 2012.

Sai maganar abinci da kuɗi, inda nan ne muka fi sani. Ƙasar nan tana ba da doya, rogo, gwaza, masara, dawa, acca, gyaɗa, waken suya, shinkafar fadama, rake, ayaba, lemo, manja da zuma. Amma sarkin amfanin gona a kudancin Kaduna citta ce. Daga Kachia da Kagarko da Jaba har zuwa nan Jama'a ake noma mafi yawan cittar Nijeriya, kuma Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen noman ta. Iri biyu aka fi sani, tafin giwa mai faɗi, da yatsun biri siriri mai zafi. Ana dasawa da ruwan farko, Afrilu zuwa Mayu, a rufe kunya da ciyawa ko ganye, a yi ta cire ciyawa da hannu, aiki ne mai cin baya. Daga Oktoba ake fara tono. Sai mata su zauna da wuƙaƙe suna tsagawa, a shanya a kan fā ko bakin titi, iskar hunturu ta busar. Daga nan sai buhu, sai kasuwar Kwoi ko Kubacha ko Kachia ko Kafanchan, sai tirela zuwa Kano ko Legas, sai jirgin ruwa zuwa Indiya da ƙasashen Larabawa da Turai. Manomin citta Bajabe ne ko Bakagome ko Bakaninko. Mai awo da dillali da mai sito da direban tirela, sau da yawa namu ne. Cittar da ta gina masa gidan kwano ta biya wa 'yarsa makaranta, ita ce ta kai wasunmu Makka.

A daminar 2023 Allah ya jarrabe mu. Wata cuta ta faɗa wa citta, ganye ya yi rawaya ya bushe, in ka tona sai ka tarar da ruɓa. Cikin 'yan makonni gonaki suka ƙare, ƙauye bayan ƙauye. Abin da ya ƙara muni shi ne irin citta daga jikin cittar bara ake ajiye shi, saboda haka wanda gonarsa ta mutu ya rasa amfanin bana da irin baɗi gaba ɗaya. Farashi ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba, amma me za ka sayar? Wasu manoma suka koma kurkur da masara da barkono. Mu 'yan kasuwa kuma da yawanmu mun riga mun ba da kuɗi tun bazara a kan za a biya mu da citta da kaka. A nan muka ga halin mutane. Akwai wanda ya yafe rabi, akwai wanda ya ɗaga wa manomi ƙafa zuwa shekara mai zuwa, akwai kuma wanda ya je ya ɗauke babur ɗin mutum a gaban iyalinsa. Mun faɗa a kan mumbari, muna kuma maimaitawa: ba da kuɗi kafin kaya ya halatta in an ambaci mudu da iri da farashi da lokaci, amma wanda ya karya farashi ya kai ƙasa don ya ga manomi na cikin yunwar Agusta, ya san ba ciniki ya yi ba. Kuma mai babur ɗin nan yana da 'ya'ya, suna kallo.

Akwai wata kasuwar da ba ma shiga, amma tarihi ba ya tsallake ta: kasuwar aladu ta Katsit a bakin Kafanchan, wadda ke ci ranar Alhamis, tana cikin mafi girma a ƙasar nan, motoci na zuwa daga kudu su yi lodi. Ba ma ci, ba ma saye, amma kuɗin da aka samu a can da yamma a shagunanmu ake sayen atamfa da sukari da shi. Su kuma Fulani suna ba da nono da nama, shanunsu na gangarowa daga Filato da Bauci da rani su nufi Binuwai, kuma yawancin burtalin da suke bi da can yanzu gona ce. A ƙarƙashin ƙasa, bayan kuza, an sami shuɗin dutsen nan safaya a wajen Nisama, har 'yan Senegal da Mali suka zo saye, samari suka bar gona suka shiga rami, kaɗan suka samu, da yawa suka fito da tari. A 2016 aka yi shelar an gano ma'adinin nikel a Dangoma, aka yi ta murna a rediyo.

Rikici kuwa kowa a unguwar nan yana da nasa lissafin. Na Maris 1987 a kwalejin nan ya fara, lokacin tana Kafanchan, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A Mayun 1999 aka yi na ba sabon Sarkin Jama'a sanda. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka ƙone babbar kasuwar Kafanchan, aka yi asarar rayuka a can da Zonkwa da Matsirga, mutanen da suka shekara 20 suna tara jari suka wayi gari da rigar jikinsu. A Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a takardar zaman lafiya a Kafanchan. Ba a yi wata uku ba rigimar manoma da makiyaya ta tashi a Ninte, ta ci ƙauyuka, ta kai Godogodo a Oktoba, ta kai Goska a jajibirin Kirsimeti. An kashe namu, an kashe nasu, kuma a na 2016 ƙauyukan maƙwabtanmu ne suka fi ƙonewa. Gwamnati ta rufe kwaleji watanni da yawa. A watannin nan mai shayi ya daina dafa madara, masu ɗakunan haya suka rufe da kwaɗo, doya ba ta fito daga ƙauye ba don manomi na tsoron zuwa gona, mu kuma muna tsoron shiga ƙauye. Mun ga magidanta a unguwar nan suna sayar da katifa su sayi masara.

Shi dai yaron da ya kawo tambayar, mun sa shi ya je ya zauna da kakarsa da littafi da biro. Ya dawo da sunan garin da kakan ubansa ya baro, da sunan ramin kuzar da ya yi aiki, da sunan dattijon Nindem da ya ba shi filin da ya kafa bukkarsa ta farko, abin da mu kanmu ba mu taɓa ji ba. Tsohuwar ta kuma ciro masa wata takardar haraji daga ƙasan adaka, ta yi ja don tsufa, da sunan kakan a jiki. Tsofaffin da suka san irin wannan saura kaɗan a unguwa, bana kaɗai mun yi jana'izar uku. Duk wanda ke da tsohuwar takardar haraji, ko rasit na fili, ko katin aikin kuza ko na reluwe, ko hoton tsohuwar kasuwa, ya kawo mana masallaci ranar Asabar bayan la'asar. Za mu ɗauki hotonsa da waya mu mayar masa da abinsa nan take.